Gida Biyu Tsakaninsu da Sista Husaina

Wata huɗu ke nan Sista Husaina tana zaune a gidanta na Gyadi-Gyadi babu aiki. Ta yi shara, ta dafa abincin mutum ɗaya, ta kunna rediyo don ta ji muryar mutane.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana aikin unguwarzoma a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Rabin yaran layinsu a hannunta aka haife su.

Wata rana masu shirya fim suka zo hira da ma'aikatan lafiya a kan dokar zubar da ciki. Husaina ta gaya musu ita ba ta zubar da ciki. Amma macen da aka kawo jini na zuba, ko ɓari ta yi ko wani abu ta sha, sai ta ceci ranta tukuna kafin a yi maganar komai.

Wani ya yanko rabin minti daga hirar, ya watsa a wayoyi. Abin da aka ji kawai shi ne, "Ba na tambayar mace yadda aka yi, wankin ciki nake mata."

Babu wanda ya nemi cikakken fim ɗin. Mai asibitin ya ce ta huta har maganar ta mutu. Aka daina kawo mata goron suna. A Islamiyya, in ta zauna sai mata su matsa.

Ranar wata Talata da hantsi, jini ya ɓalle wa Nafisa, maƙwabciyarta mai cikin wata uku. Mijinta Ashiru, direban babbar mota, yana kan hanya. Yayarsa Hauwa ta hana a kira Husaina, wai kada a ce su ma zubarwa suka yi. Jiƙo ta yi ta ɗirka wa Nafisa. Sai bayan La'asar aka ɗauko adaidaita sahu. Nafisa ba ta kai asibiti da rai ba.

Husaina ta je gaisuwa, ta zauna a ƙarshen tabarma, babu wadda ta dube ta.

Bayan sadakar uku Ashiru ya tare ta a hanya, kansa a sunkuye.

"Sista, da an kira ki, da ta rayu?"

"Rai na Allah ne, Malam Ashiru. Amma na sha tsayar da irin jinin nan. Kuma ranar ina gida."

Jama'a, kada mu yanke wa mutum hukunci da guntun bidiyo. Kuma mai ciki in ta ga jini, a kai ta asibiti nan take, ba a jira.