Jan Layi a Fayil ɗin Kofur

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata aka fito da fayil ɗin daga sito, ga shi kuwa ƙarfe huɗu za a binne mai shi.

Sajan da ke kula da teburin tsofaffin sojoji ya karɓa, ya share ƙurar da hannun rigarsa. Shekararsa tara a kan teburin nan, aikinsa kuma ɗaya ne. In tsohon soja ya rasu, ya duba takardunsa, ya buga hatimi, a tura tuta da sojoji shida da mai busa begila. In kuwa akwai jan layi a shafin ƙarshe, wato korar mutum aka yi daga aiki, to babu tuta, babu begila, ko da za a cika ofishin da hawaye. Duk bariki Ba-Sani-Ba-Sabo ake ce masa, tun ranar da ya mayar da surukar kanar gida da takardarta a hannu.

Yau dai shayinsa ya huce bai taɓa shi ba. Sau biyu manjo yana leƙowa yana cewa ya bar wa wani teburin, sau biyu yana cewa a'a.

Matar mamacin tana zaune a benci. Ba ta tambayi kowa hanya ba da ta shigo, ta karɓi lamba ta bi layi kamar kowa. Abu ɗaya ya kawo ta. Mijinta, tsohon kofur, shekara talatin da takwas yana gadin wata makaranta, amma kowace safiya sai ya goge takalminsa kamar mai zuwa fareti. In ana jana'izar soja, yakan tsaya daga nesa, hannu a goshi, har begila ta yi shiru. Shi bai taɓa roƙon komai ba. Ita ce take so a yi masa, ko sau ɗaya.

Sajan ya rubuta lambar aikin mamacin a fom kafin ma ya buɗe fayil ɗin. Shafin farko yabo, na biyu yabo, ga lambar girma ta ceto mutum uku daga kogi. Ya juya shafin ƙarshe, ya daɗe bai ɗago kai ba.

Layin yana nan, ja, daga wannan kusurwa zuwa waccan. An rubuta cewa kofur ya bar bakin aiki kwana uku ba izini. An kore shi.

Akawun da ke kusa da shi ya matso ya raɗa masa cewa tawadar ta koɗe, ba mai sake buɗe fayil ɗin nan har abada, ya buga kawai. Sajan ya dubi bencin. Bayan tsohuwar akwai wasu mata biyu, kuma ya san ya taɓa mayar da irinsu da yawa a kan layin nan. Zuciyarsa ta karye, amma ya kira lambarta.

Ya juya mata fayil ɗin. Ya ce shi ya ji ana cewa ciwon gwiwa ne ya fitar da kofur daga soja.

Ta ce haka suka riƙa faɗa. Gaskiyar ita ce ta kwana biyu tana naƙuda ita kaɗai a ɗakin haya, aka hana shi izini. Ya tsallake katangar bariki, ya goya ta har asibiti, ya ba da jininsa, bai koma ba sai da jaririn ya kama nono. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa yaron ba. Ta zo ne da fatan shekaru sun cinye layin.

"Ya san zai rasa kakinsa?" in ji Sajan.

"Ya sani."

Sajan ya ɗauki hatimin ƙi. Ya buga shi a karkace, abin da bai taɓa yi ba, hawaye suka ɗiga a kan tawadar.

Tsohuwar ta ninke takardar ta sa a jaka. Sannan ta miƙa hannu ta share masa fuska da gefen mayafinta a gaban kowa.

"Tashi mu tafi gida, ɗana," ta ce. "Ba sai sojoji shida ba. Kai kaɗai ka ishe shi, tunda don kai ya tsallake katangar."