Makullin da Aka Bar wa Marigayi

Kai Tasi'u, tunda aka ɗora maka tsaron bayanan jama'a a ma'aikatarku, ajiye wayar nan ka saurare ni. Ban yi boko ba, amma na san amana, na kuma san ta inda take zubewa.

An yi wani mutum mai ɗakin gwajin jini a bakin kasuwa. Masu shirin aure, da mata masu juna biyu, da duk wanda likita ya turo, wurinsa suke zuwa, don an shaide shi da nauyin baki. Abin da ya gani a jinin mutum, ko matarsa ta gida ba ta ji. Sakamakon kowa yana cikin kwamfuta, kuma bai yi mata rowar tsaro ba: ƙofar ƙarfe, kwaɗo kan kwaɗo, ga maigadi. Sai dai kwamfutar tana da wata ƙofa da ido ba ya gani, wadda ake buɗewa daga nesa da lambar sirri. Mutum biyu ke da iznin shiga, shi da maigidansa, dattijon da ya koya masa aikin tun bai iya riƙon allura ba, ya kuma bar masa wurin da ƙarfinsa ya ƙare. Dattijon yana gida, amma ta wayarsa yakan leƙa aiki, ya kira ya yi gyara. Da yake idonsa ya yi rauni, sai aka bar masa lambar a maƙale cikin wayar, ba sai ya riƙa bugawa ba. Wata rana mai gyaran na'ura ya ce ƙa'ida ita ce duk wanda ya bar aiki a rufe masa hanya. Mai ɗakin gwajin ya ɓata rai, ya ce, "Wanda ya ba ni makulli zan karɓe wa makulli? Da wane ido zan je gaishe shi?" Da dattijon ya rasu aka sake tuna masa. Ya buɗe kwamfutar, ya ga sunan marigayin a saman nasa, hannunsa ya ƙi motsi. Gani ya yi goge sunan nan tamkar sake binne mutumin ne. Ya ce bari a yi arba'in tukuna. Arba'in ta wuce, ya ce ai matacce ba ya sata.

Gaskiya ne matacce ba ya sata, amma yana barin gado. Magada suka tattara riguna da agogo da wayar aka kai kasuwa don a raba musu haƙƙinsu, babu wanda ya tuna da wanke cikinta. Ta bi hannu zuwa hannu har ta faɗa wa wanda ya san abin da ya tsinta. Bai fasa ƙofa ba, maigadi ko motsin ɓera bai ji ba. Da sunan mutumin kirki ya shiga, ya kwashe sirrin gari kaf, sannan ya aiko cewa a biya shi ko ya watsa. Mai ɗakin gwajin ya sayar da filinsa ya biya. Amma wa ya taɓa ƙulla alkawari da kura? Sakamakon mutane ya shiga yawo a wayoyi, kowa da sunansa da unguwarsa. Akwai wata mai sayar da abinci da ta daɗe tana shan maganin wata cuta da ake ƙyama a ɓoye, lafiyarta ƙalau, tana ciyar da marayunta da tukunyar nan. Kafin mako ya zagayo bencinta ya zama kango, shinkafa ta riƙa kwana tana lalacewa. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwajin, ba zagi ba ihu, ta ce, "Malam, kai na ba jinina, ban ba gari ba." Ta juya ta tafi. Ya so a ce marinsa ta yi.

Abin da ya ƙarasa karya shi, da masu bincike suka duba, suka ce da sunan dattijon aka shiga. Gari kuwa ba ya jiran bayani. Aka ce ashe tsohon nan ne ya sayar da asirin mutane tun yana raye, aka riƙa nuna 'ya'yansa da baki a wurin biki. Sunan da ya ji kunyar gogewa daga na'ura, shi ya bari aka ja a cikin laka. Ran nan ya goge shi, hannunsa bai ƙi ba, sai dai babu sauran abin tsarewa. Ya fito ya zauna yana kallon ƙofarsa ta ƙarfe, kwaɗunan nan ko ƙwarzane babu, babu kuma mai shigowa.

To ka ji. Kunya ado ce, amma da kayanka ake yin ta, ba da ajiyar wasu ba. Wanda ya tafi, ko ubanka ne, karɓi makullin ka bi shi da addu'a. Ka daina duban kaurin katanga, duba inda ka bari a buɗe da hannunka, domin Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.