Tayin Kilishi a Kan Tsauni

Tun da aka kafa dokar, ba mai hawa tsaunin nan sai da awarwaron da ke yin ja idan baki ya saɓa wa zuciya. Wai don kada matafiyi ya ɓoye ciwo.

Da azahar muka zauna hutawa da Baba Jatau, dattijon da na haɗu da shi a gindin dutse. Guzurinsa ya faɗa rafi tun safe. Na ciro ragowar kilishina.

"Bismillah, Baba."

Awarwarona ya yi jajur.

Ya kau da kai. "Ci abinka, ɗana, na ƙoshi."

Nasa ma ya yi ja.

Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ya cire hularsa, ya kifa ta a kan hannuna, ya bar nasa a buɗe.