Baƙo a Gonar Barau

Sandar farko ta sami baƙon a kafaɗa, ta biyu ta fasa masa goshi. Malam Barau, malamin lissafi a wata firamare kusa da Ɗanzomo, bai tsaya tambaya ba. A bazarar 1999 jita-jitar ƙwace gonaki ta cika gari, sai ga mutum da igiyar awo yana kafa turaku a gonarsa ta bayan makaranta. Gonar da ya ci buri a kanta don auren budurwarsa Lauratu!

"Uban wa ya aiko ka, ɓarawon ƙasa?"

Baƙon ya ɗaga hannu zai kare kansa. Sanda ta sake sauka, ƙashi ya ce ƙas, jini ya wanke masa riga.

Sai ga hedimasta a guje, hula a hannu.

"Barau, ka kashe kanka! Mista Zakka ne, mai horar da malaman lissafi! Darasin awon fili ya ciro daga intanet a Kano, yake shirya maka. Ofishin ilimi sun gama maganar korarka daga aiki, shi kaɗai ya ce a bar ka a hannunsa ya gyara ka!"