Sarkin Rum a Kan Cibiya

"Ina kwabona?" Ihun da na kurma ke nan da na ga gwangwanin da na ajiye shi a ciki wayam.

Jiya-jiya na tsinto shi a kasuwar Yankara, cikin tarkacen wani mai sayar da tsofaffin aninai. Shekara goma ina tara kuɗin zamanin da, ban taɓa riƙe irinsa ba. Tagulla ce da aka buga a Iskandariya ta Masar, zamanin da Rumawa ke mulkinta, ga kan sarkinsu a jiki. Shekara dubu da ɗari takwas! Da rawa na shigo gida, har akuya sai da na nuna wa.

Na birkice ɗaki, na zazzage buhun masara.

"Kai, bar yi muna hauka," in ji Inna, mahaifiyata, tana jijjiga 'yata mai kwana tara. "Wannan baƙin kwabon da ko ƙuli ba ya saye? Aiki na ba shi."

Ta ɗaga rigar jinjirar. Ga shi nan ɗaure da tsumma a kan cibiyarta, wai don kada ta turo waje.

Dariya ta ƙwace mini har na zauna ƙasa daɓas. Yarinya na numfashi, sarkin Rum na hawa yana sauka, yana gadin cibiya.