Rawayan Fenti a Dokin Ƙofa

Tsohon ya dawo daga masallaci ya tarar matarsa ta sa mai fenti ya shafe dokin ƙofa da rawaya. Bakin rijiya ya koma ja, ƙofar bayi shuɗiya, har hannun buta an ɗiga masa ja.

"Hajiya, wane malamin ya ba ki wannan aiki?"

"Kwalliya ce, Malam."

Kwalliya, bayan shekara arba'in a farin gida? Bai yarda ba. Ya taɓa jin labarin wani a Gwallaga da ya tsallake irin wannan zane, ya bar gari, har yau shiru. Sai ya rage cin tuwonta, yana shiga ɗaki da addu'a a baki, yana ɗaga tabarma ko an ɓoye laya.

Ran Laraba da hantsi ya ce mata zai je kasuwa, ya dawo a sace, ya lafe jikin farin bango cikin farar rigarsa don ya kama ta. Ta fito ɗauke da tukunyar ruwan zafi, idonta a ƙasa. Ta laluba rawayan da ido, ta ɗaga ƙafa ta tsallake, ta kewaye jan rijiyar. Ta zo daf da shi har zaninta ya shafi ƙafarsa. Ta dubi inda yake, ta wuce, ba ta gan shi ba. Ashe idonta ne ya dushe.

Da la'asar ya shigo sanye da shuɗiyar riga da jar dara.

"Malam, yau kai ne haka?"

"Kwalliya ce, Hajiya."