Jan Rubutun Mzee Oduor

Jan rubutu ya sake cika fuskar kwamfutar Mzee Oduor, karo na tara tun safe.

Nekesa ta tsaya a bayansa. Mako shida ke nan tana koyar da Rust a wannan ajin na unguwar Ngara a Nairobi, ta kuma san halin Rust sarai. Harshen kwamfuta ne mai shegen taurin kai, kuskure ɗaya ya hango sai ya ƙi motsi. Sauran ɗalibai sun sha kokawa da shi sun wuce. Dattijon nan kuwa yana darasi na uku, yana lalubar haruffa da hagu, hannun dama na cikin aljihun kwat.

"Malama, me na yi masa kuma?"

"Abu ɗaya ka damƙa wa wuri biyu, Mzee. Ba ya yarda."

"Jiya kin faɗa mini, ko?"

Shekaranjiya ma ta faɗa.

Ranar Juma'a za a yi gwaji, wanda ya faɗi a ba wani kujerarsa. Ta roƙi shugaban makarantar ya ƙara masa mako biyu, ya ce nan ba gidan hutun tsofaffi ba ne. Tausayi ya hana ta sakat, ko shayin ƙarfe goma ta kasa sha.

Dabara ɗaya ta rage mata. Ta ciro tsohon littafinta, kwafin bogi irin wanda ake sayarwa a titin River Road, ba bango ba sunan marubuci, ta miƙa masa. Shi ya koyar da ita, da rabin masu wannan sana'a a Nairobi.

Kwana uku dattijon yana bin layukan da yatsa. Ya yi dariya a wani misali da littafin ya kawo kan masuntan garin Kisumu.

"Mutumin nan ya iya bayani, Malama. Kaina ne ba ya riƙewa."

Ranar Juma'a jan rubutun ya fito, har aka tashi bai gushe ba.

Matarsa ta zo ɗaukarsa, ta ga littafin a hannunsa, ta tsura masa ido. Nekesa ta matso ta fara ba ta haƙuri.

"Ba laifinki ba ne, 'yata," in ji matar, murya ƙasa-ƙasa. "Bai gane shi ba, ko? A kan teburin cin abincinmu ya rubuta shi, kafin ɓarin jikinsa ya shanye."